Tafarnuwa Ba Ta Jiran Kirsimeti

Wannan shi ne jawabin da wani ma'aikacinmu na sashen noma ya yi wa wakilan ikilisiyoyin ƙauyukan da ke kewaye da Basawa, a taron shirin noman rani da aka yi a farkon watan Oktoba. Mun buga shi saboda waɗanda ba su sami zuwa ba. Muna roƙo a karanta shi a taron zumuntar mata da na matasa.

Shugaban taro, fastocinmu, dattawa, iyayenmu mata na zumunta da matasa, ina gaishe ku duka. Sannunku da zuwa, sannunku da hanya. Na san da yawanku sun baro masara a gona, waken soya kuma ya fara bushewa. Saboda haka ba zan riƙe ku har yamma ba. An ce in yi magana a kan lambun hunturu, musamman a kan tafarnuwa, wadda wasu ƙungiyoyinmu suka gwada bara, ba su ji daɗinta ba. Kafin in faɗi laifin kowa, bari in fara da nawa.

Shekarar da na fara gwada tafarnuwa, na shiga kasuwar Sabon Gari na zaɓi wadda ta fi kowacce kyau, manyan kawuna farare tas, irin waɗanda ake sayarwa cikin 'yar raga. Na ce a raina, babbar uwa ai babban ɗa take haifa. Na ajiye ta a ɗaki. Aikin kaka ya sha kaina, Kirsimeti ta zo ta wuce, aka yi bikin ƙanwar matata, aka shiga sabuwar shekara. Sai a mako na biyu na Janairu na shuka. Ta fito da kyau, ganye kore shar, har maƙwabta suna tsayawa kallo. A watan Afrilu na sa hannu na tuge. Wata babu kai sam, sai wuya mai kauri. Wata kuma ta yi ɗan dunƙule guda ɗaya kamar ƙaramar albasa, bai rabu 'ya'ya-'ya'ya ba. Komi goma sha biyu, ban cika kwano ɗaya ba.

Na ɗebi kaɗan na kai wa wani dattijo mai sayar da albasa, mutumin ƙasar Sakkwato. Ya juya ta a hannu, ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, kuskure biyu ka yi. Ka shuka baƙuwa, ka kuma shuka ta bayan sanyi ya ɗaura kayansa." A kan waɗannan abubuwa biyu zan fi daɗewa yau, domin wanda ya kuskure su, duk takin da zai zuba da duk man da zai ƙona a injin ban ruwa asara ce.

Rayuwar tafarnuwa kashi biyu ce. Da farko tana yin saiwa da ganye. Daga baya ta daina fitar da sabon ganye, ta juya tana tara abinci a ƙasa, shi ne kan da muke ci. Girman kan ya dogara ga yawan ganyen da ta riga ta yi da ƙarfinsa. Kashin farko yana son sanyi. Tafarnuwa ta fi jin daɗi idan ma'aunin zafi yana tsakanin 13 da 24. Sanyin nan ne kuma yake sa ta rabu ta yi 'ya'ya da yawa a cikin kai ɗaya. Idan zafi ya riske ta tana ƙarama, sai ta yi hanzarin ɗaura kai da ɗan ganyen da take da shi, ko ma ta ƙi ɗaurawa.

To, nawa ne sanyinmu a nan ƙasar Zazzau? Ba shi da yawa. Ruwan sama yakan ɗauke a watan Oktoba. Daga tsakiyar Nuwamba iskar hunturu take fara kaɗawa. A Disamba da Janairu, da dare da sassafe ma'aunin yakan sauka zuwa 14 ko ƙasa da haka, lokacin da yara suke kewaye murhu, leɓe yana tsagewa. Kafin Fabrairu ya ƙare rana ta fara cizo, a Maris da Afrilu kuwa ana wuce 35. Ku ƙirga da yatsu. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu mako 13 ne. Wanda ya shuka a makon farko ko na biyu na Nuwamba ya ci sanyin duka. Ni da na shuka a tsakiyar Janairu, mako biyar kawai na samu. Sanyin da muke kuka da shi, muna neman bargo da man shafawa, shi ne jarin mai lambu, kuma ba a sayar da shi a kasuwa.

A ƙasashen da sanyi yake da tsanani, kamar Kanada da Rasha, manoma suna shuka tafarnuwa wajen watan Oktoba, kafin ƙasa ta daskare. Su rufe ta da busasshiyar ciyawa, ƙanƙara ta sauko ta binne gonar wata da watanni. Tafarnuwar tana nan kwance a ƙasa, ba ta mutu ba. Da ƙanƙara ta narke, tana cikin abubuwan farko da suke leƙowa, a tuge ta wajen watan Yuli. Su sanyi ya yi musu yawa, har sai sun yi wa gona bargo. Mu namu kaɗan ne, sai mun yi tattalinsa. Waɗanda hanyarsu ta fi kama da tamu su ne mutanen Masar, masu noman ta da ruwan Kogin Nilu a lokacin sanyinsu tun zamanin Fir'auna. Masu karatu za su tuna, a Littafin Ƙidaya sura 11, tafarnuwa da albasa suna cikin abubuwan da Isra'ilawa suka yi kewarsu a jeji. Ashe ba yau aka fara marmarin miya mai ƙanshi ba.

Wannan ya kawo mu ga maganar baƙuwa. Ƙasar Sin ita kaɗai tana noma wajen kashi uku cikin huɗu na tafarnuwar duniya, kuma yawancin manyan fararen da kuke gani a kasuwa daga can suke. Ba ni da faɗa da su a tukunya, sun fi sauƙin ɓarewa. Amma a gona sun saba da dogon sanyi, sun kuma saba da doguwar rana. A can arewacin duniya, lokacin da tafarnuwa take ɗaura kai, hasken rana yakan kai awa 14 ko fiye. Mu nan ranarmu ba ta nisa da awa 12 duk shekara. Idan ka kawo ta Basawa, jira take ta ga abin da ta saba da shi, shi kuwa ba zai zo ba. A ƙasar Birazil manyan manoma sukan yaudare ta, su sa irin a ɗakin sanyi na makonni kafin su shuka. Wannan sai mai wutar da ba ta ɗaukewa. Ku kun san halin da muke ciki.

Irin da za mu nema shi ne namu na gida, wanda ake nomawa a ƙasar Sakkwato, wajajen Wurno da Goronyo, da wasu sassan Kano. Har a lambunan duwatsun Agadas a Nijar ana noma irin wannan. Kanta ƙarami ne, 'ya'yanta sirara ne masu yawa, ɓawonta sau da yawa da ɗan ja-ja, warinta kuma ya fi na baƙuwar ƙarfi nesa ba kusa ba. Ta saba da gajeren sanyi irin namu. Idan za ku saya, ku matsa kan da yatsa. Mai tauri da nauyi shi ne mai rai. Wanda ya yi laushi, ko ya yi fayau kamar babu komai a ciki, ko yana da baƙin gari a gindi, ku bar wa mai shi. Ku tambayi mai sayarwa daga ina ta zo, kuma ta yaushe ce. Wadda aka tuge a bazarar da ta wuce ta huta isasshe, a shirye take ta tsiro.

Yanzu ga inda gizo yake saƙa. Kowa a ɗakin nan zai yarda a shuka a Nuwamba. Amma Nuwamba wata ne da babu mai hannu sake. Ana yankan dawa, ana sussukar waken soya, ana kwasar masara zuwa gida. Ga godiyar kaka, ga koyon waƙoƙin Kirsimeti, ga ɗaurin aure kusan kowace Asabar. Kuɗi ma ba su shigo ba tukuna, sai an sayar da hatsi. Shi ya sa muka saba cewa, bari a gama biki a shiga lambu. Tumatir da attaruhu sukan yi mana haƙuri kaɗan. Tafarnuwa ba ta yi. Wata ƙungiyar mata da na ziyarta bara ta tara kuɗin adashe ta sayi iri mai kyau, na gida, amma ba a sa shi a ƙasa ba sai bayan sabuwar shekara. Matan nan sun yi ban ruwa wata uku da bokiti. Abin da suka tuge bai mayar da kuɗin irin ba. Ba ragwanci ba ne, babu wanda ya faɗa musu maganar lokaci. Laifin namu ne mu ma'aikata, shi ya sa bana muka kira taron nan tun ruwa bai gama ɗaukewa ba.

Shawarata ita ce a raba aikin gida biyu. A ƙarshen Oktoba, ƙasa tana da sauran laima, fartanya tana shiga da sauƙi, a yi gayya ta yini ɗaya a ja komaye a zuba taki. Matasa goma za su gama kafin azahar. Sai a bar wurin mako biyu. A cikin kwana goma sha biyar na farkon Nuwamba a sake yin yini ɗaya a shuka. Shuka aikin zaune ne, tsofaffi da yaran makaranta duk za su iya. Yini biyu ke nan kawai muke roƙo daga hannun kaka. Ina roƙon dattawa, idan ana tsara ranakun bukukuwa, a ware waɗannan biyun tun yanzu.

Wani zai ce, me ya kai mu wannan wahala, ga tumatir da muka sani? Ba na ce a bar tumatir ba. Amma ku tuna yadda yake yi mana. Daga Janairu zuwa Maris kowa ya kawo nasa kasuwa lokaci ɗaya, dillali ya faɗi abin da ya ga dama, kai kuwa ba ka da ikon komawa da shi gida, domin kwana uku ya ruɓe. Ku tuna shekarar 2016, da ƙwaron nan mai haƙa ganye ya cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano da Katsina, har gwamnatin jiharmu ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuma, duk wanda yake tayar da inji ya san abin da kowane ban ruwa yake ci. Tafarnuwa tana da abin da tumatir ba shi da shi: idan ta bushe da kyau tana yin watanni a rataye. Kai ne za ka zaɓi ranar sayarwa. Kana iya riƙe ta har lokacin kuɗin makaranta na zango na uku, ko lokacin sayen takin damina, ko watan Agusta da rumbu ya yi ƙasa.

Amma kada in ruɗe ku. Ba kuɗin gaggawa ba ne. Wata huɗu zuwa huɗu da rabi za ta zauna a ƙasa ba ta ba ka ko sisi ba, irinta kuma da tsada. Wanda bai taɓa yi ba ya fara da komi biyar ko goma a gefen lambunsa. Kada kowa ya ci bashi saboda ita a shekarar farko.

Wurin da take so shi ne ƙasa mai laushi, mai ɗan yashi, wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Tsakiyar fadama, inda laka take tsagewa da rani, ba wurinta ba ne, domin lakar tana matse kan ya fito a karkace. Ku hau gefe kaɗan. Kada kuma a sa ta inda aka yi albasa bara. 'Yan gida ɗaya ne, ciwonsu ɗaya, ƙwarinsu ɗaya. A ja komi, wanda mutanen Sakkwato suke kira fangali, faɗinsa mita ɗaya, tsawonsa mita uku, yadda za ka kai hannu tsakiya ba tare da ka taka ciki ba. A kowane komi a zuba bokiti ɗaya ko biyu na takin dabbobi wanda ya ruɓe sarai, ya koma baƙi, ba ya wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, ɗanyen na shanu kuma yana jawo gara. Masu ɗebo takin juji daga cikin gari, don Allah ku tace shi. Akwai leda, da fasassun kwalabe, da tsofaffin batura a ciki, kuma abin da batir yake zubarwa a ƙasa ba abin da za mu so ya shiga cikin yaranmu ba ne.

Kada a ɓare kawunan sai ranar shuka ko ana gobe. A raba 'ya'yan a hankali, a bar musu rigarsu. Manyan da ke kewaye su ne iri, ƙananan sirara na tsakiya a kai kicin. A nan ne maganata ta babbar uwa take da gaskiya: a cikin iri ɗaya, babban ɗa ya fi ba da babban kai. A jiƙa komin tun jiya. A soka kowane ɗa a tsaye, tsinin yana kallon sama, gindin da saiwa take fita yana ƙasa, zurfin gaɓar yatsa biyu. Wanda aka kifa zai fito, amma sai ya ɓata kwanaki yana juyowa. Tsakanin ɗa da ɗa faɗin yatsu huɗu zuwa biyar, wato santimita 10. Tsakanin layi da layi santimita 15. Da wannan awo, komi ɗaya yana ɗaukar layi 6, kowane layi 'ya'ya 30, jimla 180. Idan kowane kai ya ba ka 'ya'ya tara masu kyau, kai 20 ke nan kake bukata. Ku yi lissafin nan a gida kafin ku je kasuwa, kada a sayi abin da zai rage ko ya gaza.

Bayan shuka a shimfiɗa busasshiyar ciyawa marar 'ya'ya, ko karan shinkafa da aka sussuke, sama-sama yadda tsiron zai iya ratsawa. Mutanen Kanada suna rufewa don kada ƙanƙara ta kashe ta, mu muna rufewa don iskar hunturu kada ta shanye laima, ƙasa kuma ta daɗe da sanyi idan rana ta fara zafi. Cikin mako ɗaya zuwa kwana goma za ku ga tsiro.

Saiwar tafarnuwa ba ta nisa, ganyenta kuma siriri ne, ba ya yi wa ƙasa inuwa. Saboda haka abu biyu suke kayar da ita, ƙishi da ciyawa. Ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi ambaliya sau ɗaya a mako. A ƙasa mai yashi kwana biyu zuwa uku, a mai ɗan nauyi kwana huɗu. Ka soka yatsa, in ka ji laima a gaɓa ta biyu, bar shi sai gobe. Ciyawa kuwa da hannu ake cire ta tun tana ƙarama. Fartanya tana yanke saiwa, tana jin wa kan rauni, ta nan ruɓa take shiga.

Mai halin takin zamani ya sa NPK 15-15-15 cikin ƙaramin gwangwanin tumatir ɗaya a kowane komi lokacin gyaran ƙasa. Bayan mako uku ko huɗu da tsirowa, a bi da yuriya cikin kwalin ashana biyu, a tsakanin layuka, a yi ban ruwa nan take. A maimaita sau ɗaya bayan wasu mako uku. Daga nan a tsaya. Wannan yana da wuya ga manomin masara, wanda ya saba ganin kore ya ƙara taki. Yuriya a ƙarshen lokaci tana sa wuya ya yi kauri, kan ya ƙi bushewa, ya ruɓe a ajiya.

Babban maƙiyinta wasu ƙananan ƙwari ne, sirara kamar tsinin allura, masu ɓuya a maƙogwaron ganye. Su ne dai na albasa. Za ka ga ganyen ya yi fari-fari kamar an goga masa toka. Sun fi yawa idan zafi ya fara, wanda shi ma wani dalili ne na shuka da wuri. Ku riƙa buɗa ganyen kuna dubawa kowane mako. In kun gan su tun suna kaɗan, a daka 'ya'yan dogon yaro, a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma har cikin maƙogwaron. In sun fi ƙarfin wannan, a tambayi malamin gona kafin a sayi magani, a kuma karanta kwana nawa ake jira kafin a ci. Kada yaro ya yi feshi, kada mace mai ciki ta yi.

Akwai wani maƙiyin mai ƙafa huɗu. Da an gama kaka ake sakin awaki, kuma a watan Janairu lambunka shi ne kaɗai kore a duk unguwar. Akuya ba ta cika son tafarnuwa ba, amma za ta tattake ta a hanyarta ta zuwa latas. A yi shinge da karan dawa da ƙaya tun ranar gayya. Inda lambun yake kusa da mashayar shanu, kada a toshe hanya. Dattawa su je su gaisa da ardo tun kafin a ja komi na farko, a nuna masa wurin, a yarda da inda shanu za su bi. Na ga wuraren da wannan gaisuwa ta zama ciniki, ana ba su harawa suna ba da taki.

Tun da tafarnuwa za ta daɗe, a kewaye ta da abin da zai riƙa kawo kuɗin mai da na cefane. Duk 'yan sanyi ne: latas, karas, kabeji. Abin da mutanen Jos suke samu kusan duk shekara saboda tudunsu, mu muna samunsa wata uku. Latas a yi masa reno mako uku zuwa huɗu, a dasa, bayan mako biyar ko shida ya isa yanka. A riƙa renonsa kaɗan-kaɗan duk mako biyu, kada ya nuna gaba ɗaya. Da zafi ya shigo sai ya yi tsiri ya yi ɗaci. Karas ba a dasa shi, a wurinsa ake yafa shi, a rage idan ya yi cunkoso, wata uku ya yi. In an sa masa ɗanyen taki sai ya fito da ƙafafu kamar mutum. Ku kuma lura da kalandar maƙwabtanmu. A 2025 azumin Ramadan ya faɗo a watan Maris, kowace shekara kuma yana matsowa da wajen kwana 11. Shekarun nan ke nan yana faɗowa daidai lokacin da latas da kabeji da karas suke kan ganiyarsu, kuma kowane gida yana neman su don buɗa baki. Masu lambu a bakin Kubanni, inda ruwan kwatocin gari yake shiga, su riƙa sa ruwan a gindi, kada a watsa a kan ganyen da za a ci ɗanye, a kuma wanke shi da ruwan rijiya mai tsabta kafin a kai kasuwa.

Kuɓewa da alayyafo kuwa akasin haka suke. A Disamba sai su tsugune su ƙi girma. Ku bar su sai ƙarshen Fabrairu, ku sa su a komayen da latas ya tashi.

Wadda aka shuka a farkon Nuwamba za ta nuna daga tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu, wato kusa da Ista. Alamarta, ganyen ƙasa ya fara rawaya yana bushewa. Da kun ga haka, a yanke ruwa mako biyu. Idan fiye da rabin ganyen ya bushe, a tono ɗaya a gani. In 'ya'yan sun fito rabe-rabe a ƙarƙashin ɓawo, lokaci ya yi. Kada a jira ganye ya mutu duka, kan zai buɗe a ƙasa, wanda ya buɗe kuwa ba ya ajiyuwa. A sassauta ƙasa a ɗaga ta a hankali, a kakkaɓe, kada a wanke. Kada a baza ta a ranar Maris kamar barkono, rana tana dafa ta. A shanya ta da ganyenta a inuwa mai iska, a rumfa ko a zaure, mako biyu zuwa uku, har wuyan ya bushe ƙayau. Sannan a kitse ganyen kamar gashi, a rataye. Buhun leda kabarinta ne.

Kafin a kai ko ɗaya kasuwa, a zaɓi kawunan da suka fi girma da lafiya a ware su iri. Na san zuciya za ta ce a sayar da manyan, su ne masu kuɗi. Wanda ya yi haka shekara uku zai ga tafarnuwarsa tana ƙanƙancewa. Irin zai jira daga Afrilu har Nuwamba, ya ratsa damina gaba ɗaya, saboda haka a rataye shi inda iska take bi, ruwa ba ya ɗiga. Iyayenmu mata sukan rataye irin masara a saman murhu inda hayaƙi yake ɗan taɓa shi. Wurin ya yi, muddin ba kusa da zafin wuta ba. A riƙa dubawa duk wata, a cire wanda ya yi laushi.

Wata uwa ta tambaye ni a waje ko gaskiya ne tafarnuwa tana maganin hawan jini. Abinci ce mai amfani, ku ci ta a miya da nama da wake. Amma kada kowa ya ajiye maganin asibiti saboda ita. A shekarun 2000 wata ministar lafiya a Afirka ta Kudu ta yi ta tallata tafarnuwa da lemon tsami ga masu ɗauke da cutar ƙanjamau, a lokacin da ake jan ƙafa wajen raba maganin gaske, kuma an yi asarar rayuka masu yawa. A 2020 ma an yaɗa cewa tana hana korona, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu shaidar haka. Mai shan maganin hawan jini, ko na suga, ko na ƙanjamau, ya ci gaba da shan abinsa.

Abu na ƙarshe. Muna zaune a bakin rijiya muna jin ƙishi. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona, IAR, tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962. Ga NAERLS ma a nan Samaru, wadda aikinta shi ne kai ilimin noma ga manoma. Mutane suna tasowa daga jihohi masu nisa su zo tambaya, mu kuwa kuɗin mashin ne tsakaninmu da su. Idan kun ga ciwon da ba ku gane ba, ku tuge shukar da saiwarta, ku sa a takarda, wakilin ƙungiya ya kai a duba.

Yanzu magatakarda zai zauna a bakin ƙofa da littafi. Kowace ikilisiya ta faɗi komi nawa za ta yi, da sunan mutum ɗaya da zai riƙe lissafi. Za mu haɗa kuɗin wuri ɗaya a sayo irin a buhu, ya fi araha, kuma mutum biyu daga cikinku za su bi mu su gani da idonsu. Kuɗin ya shigo kafin Lahadi ta uku ta wannan wata. Ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe bakwai na safe za mu ja komin gwaji a bayan majami'ar nan. Mai zuwa ya zo da fartanya da igiya, mata kuma su taimaka mana da bokiti.